Ɗan Ƙaramin Kare ko Ƙaton Mai Gadi? Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

A 'yan shekarun nan kiwon karnukan ƙasashen waje ya samu shiga a tsakanin matasan biranen Arewa. Duk mai leƙa Instagram ko TikTok ya saba ganin masu talla daga Jos, Abuja ko Kaduna suna ɗaga 'yan kwikwiyo gaban kyamara suna faɗin sunan iri da farashi. Iri biyu ne suka fi ɗaukar ido: 'yan mitsi-mitsin da ake riƙewa da hannu ɗaya, irin su Ciwawa da Lhasa, da ƙattin da ake saye da sunan gadi, irin su Burbul da Kokeshiyan. Matashin da ya tara 'yan kuɗinsa yakan tsaya tsakanin biyun yana saƙe-saƙe, daga ƙarshe kuma hoto ne ke yanke masa hukunci. Hoton nan kuwa na ɗan wata biyu ne, lokacin da kowane kwikwiyo abin sha'awa ne, kowanne kuma a cikin kwali ake kawo shi gida.

Bayan shekara ɗaya da rabi labari ya sha bamban. Ciwawa, wanda ya samo sunansa daga wata jiha a arewacin Meksiko, da wuya ya wuce kilo 3 ko da ya tsufa. Kokeshiyan kuwa, ɗan asalin duwatsun Kokasus na yankin Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha, ƙa'idar masu kiwonsa ta ce namiji kada ya gaza kilo 50, da yawa ma suna haura 70. Burbul, wanda manoman Afirka ta Kudu suka samar don tsaron gidajen gonarsu, shi ma a wannan sahun yake. Wato dabbar da aka shigo da ita a kwali ta zarce buhun siminti nauyi, kuma idan ta ƙyalla ido ta ga abin da take son cimmawa, igiyar da ke hannun mai ita ba lallai ta tsayar da ita ba.

Tambayar farko da ta kamata matashi ya yi wa kansa ita ce: wane aiki karen nan zai yi? Ga Musulmi, wannan tambaya tana gaba da kuɗi da sha'awa. Hadisan da Bukhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, ladansa na raguwa kowace rana. Littafin Risala, wanda ɗaliban zaure suka daɗe suna karantawa a ƙasar Hausa, a kan wannan ya tafi: bai yarda a ajiye kare a gidajen gari ba, farautar ma ya sharɗanta ta zama ta neman abinci. Sai dai masu sharhin littafin sun kawo labarin cewa shi kansa mawallafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron mugaye. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Da irin wannan ne malamai da dama suka halatta karen gadin gida idan buƙata ta tabbata.

Sauƙin da aka yi, kenan, a kan buƙata ya rataya. Ɗan karen da aka sayo don a riƙa rungumarsa a falo ana kwana da shi a ɗaki ba shi da wannan madogara, kuma gara matashi ya zauna da malaminsa da iyayensa ya ji matsayin abin tun kafin ya shigo da rigima gida. Wanda ba Musulmi ba hukuncin bai hau kansa ba, amma idan a gidan haya yake ko a unguwar da ake cuɗanya, yana da maƙwabtan da abin ya shafa, su ma suna da haƙƙin a ji ta bakinsu.

Ƙattin karnukan gadi don aikin daji aka yi su, kuma a can suna yin abin a yaba. Kangal na lardin Sibas a Turkiyya ya shafe ɗaruruwan shekaru yana kwana da garken tumaki yana tare kyarkeci. A shekarar 1994 ƙungiyar Cheetah Conservation Fund, wadda Laurie Marker ta kafa a Namibiya, ta fara raba wa makiyayan ƙasar 'yan kwikwiyon karnukan kiwo na Turkiyya. Kafin nan makiyayan kan harbe cita, dabbar nan dangin damisa da ta fi kowace dabba gudu a doron ƙasa, saboda tana yi musu ɓarnar awaki. Dabarar ita ce a sa kwikwiyon cikin garke tun yana ɗan kimanin wata biyu, ya tashi yana ganin awakin a matsayin danginsa, ya fita kiwo da su da safe ya dawo da su da yamma. Idan cita ta doso, sai ya shiga tsakani da girman jiki da kakkausar murya, yawanci ma ba a kai ga faɗa ba ta juya. Yawancin makiyayan sun shaida cewa asarar dabbobinsu ta ragu da kashi 80 cikin 100 ko fiye, citar ma ta tsira daga harsashi.

Abin da ya sa aka ci nasara a can shi ne karen ya samu fili, ya samu aikin da jininsa ke nema, aka kuma tarbiyyantar da shi tun yana tsumman goyo. A ɗauki irin wannan dabba a kawo ta fili mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi a cikin birni, wanda gini ya cinye fiye da rabinsa, a ɗaure ta da sarƙa a lungun bayan gida daga asuba zuwa dare. Jinin gadin yana nan, ƙarfin yana nan, abin da za ta yi da su ne babu.

Nan ne haɗarin yake, kuma nan ya kamata matashi ya fi tsayawa ya yi tunani. An zaɓi waɗannan karnuka tun asali don su yanke hukunci da kansu, domin makiyayi ba ya nan lokacin da kyarkeci ya zo da tsakar dare. Karen da ke yanke wa kansa hukunci a kan wane ne baƙo, wane ne ɗan gida, ya shigo ƙasar da ƙofar gida ba ta rufuwa. Almajiri zai yi sallama da ƙoƙonsa, ɗan garuwa zai turo kura har tsakar gida, yarinya mai talla za ta leƙo, maƙwabciya za ta aiko ɗanta aron turmi, ranar suna ko biki kuwa gidan cika zai yi da mata da yaran da karen bai taɓa gani ba. Rana ɗaya tak ake buƙata da wani zai manta bai sa sakata ba. Cizon ɗan ƙaramin kare yana sa a je asibiti a ɗinke. Kamun karen kilo 60 ga yaro ɗan shekara biyar, Allah Ya kiyaye, yana iya zama ajali. Alhakin wannan jini a wuyan mai kare yake, a gaban alƙali da kuma gaban Allah.

Ƙasashen da suka fi mu sabawa da karnuka ma sun yi taka-tsantsan da wasu daga cikin irin nan. A shekarar 2010 Denmak ta haramta iri 13 a ƙasarta, kuma a cikin jerin akwai Burbul da Kangal da Kokeshiyan. Masana na jayayya a kan ko hana iri gaba ɗaya shi ne mafita, da yawa suna ganin laifin na masu riƙon ne. Ko da wanne ɓangare mutum ya bi, dokar ta nuna cewa ba a ɗauki dabbobin nan abin wasa ba.

Akwai wata mummunar fahimta da ta yaɗu, cewa idan ana son kare ya yi zafi sai a kulle shi a keji mai duhu, a hana shi ganin mutane, wasu har yaji suke zuba masa a abinci. Wannan zalunci ne, kuma sakamakonsa kare mai tsoro, wanda ba ya bambance ɓarawo da ƙanin mai gida. Likitocin dabbobi sun tabbatar cewa tsakanin mako 3 zuwa kimanin mako 14 na rayuwar kwikwiyo ne yake koyon abin da zai ɗauka lafiyayye da abin da zai ɗauka barazana. A wannan ɗan taƙin ake so ya saba da yara, da mata masu hijabi, da maza masu babbar riga, da ƙarar babur da kukan akuya. Wanda ke fita makaranta ko kasuwa tun safe sai magariba, ba shi kuma da wanda zai tsaya masa, ya riga ya rasa wannan dama tun kafin ya gane da ita.

Sai maganar zafi. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, da haki yake sanyaya kansa. Kokeshiyan na da gashi hawa biyu, wanda aka yi don ƙanƙarar kan dutse. A Sakkwato, Maiduguri, Kano, Yamai ko Damagaram, inda zafin bazara ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, irin wannan kare a cikin kejin da aka rufa da kwano azaba yake sha, kuma bugun zafi na iya kashe shi cikin 'yan sa'o'i. Abin da ya sa ake ganinsu da ƙoshin lafiya a Jos shi ne garin na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarsa da sanyi. Kwikwiyon da aka haifa a can aka ɗora a mota zuwa Gusau, wata duniya aka kai shi. Addinin da ya taƙaita ajiye kare shi ne kuma ya ba da labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure dabba a rana tana haki, ya tuna cewa ana rubuta wancan, ana kuma rubuta wannan.

Kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe. Karen kilo 60 yakan ci kusan giram 700 zuwa 800 na busasshen abincin kare a rana, wato buhun kilo 20 ba ya kai masa wata guda. Wannan buhun zai iya kai Ciwawa kusan shekara. Maganin tsutsar ciki, maganin kaska, allurar barci idan za a yi tiyata, duk da nauyin jiki ake auna su, don haka kowace ziyara wurin likita ninkin ba ninkin ce. Da yawa idan aljihu ya gaza sai su koma ba shi ƙanzo da ragowar tuwo. Karen gida na iya lallaɓawa da hakan, amma kwikwiyon da zai tashi daga rabin kilo zuwa kilo 50 cikin shekara guda yana buƙatar abinci mai daidaitaccen sinadarin gina ƙashi. Idan bai samu ba ƙafafunsa su lanƙwashe, ya rayu da ciwo. Ragowar abincinmu ma akwai abin tsoro a ciki: albasa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsattsage ya huda hanji.

Bayan duk wannan ɗawainiya, ƙaton ba ya daɗewa. Wani bincike da Cornelia Kraus ta Jami'ar Göttingen a Jamus da abokan aikinta suka wallafa a 2013, bayan duba bayanan karnuka sama da 56,000 daga iri 74, ya gano cewa kowane ƙarin kilo 2 na nauyi yana rage wa kare kusan wata ɗaya na tsawon rai. Manyan sukan tsufa da wuri, da yawa ba sa wuce shekara 10. Suna yawan fama da gocewar ƙashin ƙugu, ga kuma wata cuta ta gaggawa da tumbi ke kumbura da iska ya murɗe, wadda idan ba a yi tiyata cikin sa'o'i kaɗan ba sai mutuwa. Matashi ya tambayi kansa ko a garinsu akwai likitan dabbobin da zai iya buɗe cikin kare da ƙarfe biyun dare. Wanda ke Zariya yana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a kusa. Garuruwa da yawa ba su da irinsa.

To, ɗan ƙaramin fa? Shi ma ba 'yar tsana ba ne. Faɗowa daga hannun yaro ko daga kan kujera na iya karya ƙafar Ciwawa. Yana ƙarami, idan ya wuni bai ci ba sukarin jininsa kan faɗi ya suma. Haƙoransa a cushe suke cikin ɗan baki, shi ya sa ruɓewar haƙori ta yi musu yawa, ƙoƙon gwiwarsu kuma yakan goce. Mai shirin kiwo don sayar da 'ya'ya ya sani cewa macen sau da yawa ba ta iya haihuwa da kanta sai an yi mata aiki. Lhasa ya fi ƙwari, amma dogon gashinsa na son taza kusan kullum, in ba haka ba ya cukurkuɗe ya zama maɓoyar kaska da ƙuma. Kuma saboda ƙanƙantarsu mutane ba sa damuwa da yi musu tarbiyya, sai su tashi da yawan haushi da kai cizo ga duk yaron da ya matse su.

Babban nauyin ƙaramin kare shi ne tsawon ransa. Shekara 14 zuwa 16 ba abin mamaki ba ne a gare su. Ɗalibar da ta sayi kwikwiyo tana ajin ƙarshe a sakandare, za ta gama jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta yi aure, ɗanta na fari ya shiga firamare, karen yana nan da ransa. Ɗakin kwanan ɗalibai ba ya karɓar kare, sansanin 'yan hidimar ƙasa ba ya karɓa, gidan miji ma ba tabbas. Wa zai riƙe shi? Sau da yawa uwa ake bar wa, wadda tun farko ba da son ranta aka kawo shi ba.

Tarihin Lhasa na da darasi ga mai neman tsaro. A Tibet, ƙaton kare ake ɗaurewa a ƙofar waje, shi kuma wannan ɗan ƙaramin yana ciki, a gidajen ibadar 'yan Buddha da gidajen manya, aikinsa ya ji motsi ya yi haushi ya tashi mutane. Idan aka duba da kyau, abin da yawancin gidajen birni ke buƙata kenan: kunnen da ba ya barci da muryar da za ta farkar da gida da maƙwabta. Ɓarawon dare asirinsa a rufe yake so, hayaniya ce babbar abokiyar gabarsa. Masu zuwa da bindiga kuwa, ƙaton kare ba ya tare harsashi. Don haka tazarar da ke tsakanin amfanin kare matsakaici mai faɗakarwa da amfanin ƙato ba ta kai tazarar da ke tsakanin haɗarinsu ba.

Akwai abin da ya haɗa babba da ƙarami, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafinsa yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana cikin masu samar da ita. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ko da ɗan mitsitsi ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar. Akwai kuma allurar fabo, cutar amai da gudawar jini da ke kashe 'yan kwikwiyo, wadda ake farawa daga mako 6 zuwa 8.

Abin da ke ba da mamaki shi ne yadda ake tsallake abin da ke ƙofar gida. A kwarin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye na da karensu dogo siriri mai gajeren gashi, nauyinsa kilo 15 zuwa 25, wanda ke gadin tanti da dabbobi, ya kuma kamo barewa da zomo. Turawa sun ɗauke shi zuwa Yugoslabiya da Faransa a shekarun 1970, babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Can ana biyan kuɗi mai yawa a same shi. Karen gida na ƙasar Hausa, irin wanda 'yan farauta ke fita da shi daji da rani, shi ma ɗan wannan rana ne da wannan ƙura. Ya fi jure zafi, cinsa kaɗan, kunnensa a buɗe, kuma idan aka yi masa rigakafi aka ciyar da shi aka saba masa da mutanen gida, yana yin gadin da ake nema. Abin da ya rasa kawai shi ne suna mai daɗin faɗi a gaban abokai, kuma wannan bai isa dalilin ɗaukar wa kai da unguwa haɗari ba.

Ƙaton karen gadi ya dace da mai gona ko garke ko babban gida mai doguwar katanga da ƙofa biyu, mai abin hannun da zai ciyar da shi shekara 10 ba tare da ya tauye iyalinsa ba, wanda ya taɓa riƙon kare, yake kuma zaune a wuri mai sanyi ko yake da halin sanyaya masa makwanci. Matasan da suka cika waɗannan sharuɗɗa ƙalilan ne. Ɗan ƙaramin ya dace da wanda addininsa da mutanen gidansa suka ba shi dama, wanda kuma ya san inda karen zai zauna idan karatu ko aure ya ɗauke shi. Sauran, waɗanda tsaro ne ainihin damuwarsu, kare matsakaici mai gajeren gashi da ɗakinsa a inuwa a tsakar gida ya wadatar.

Duk wanda har yanzu ransa ke kan ɗaya daga cikin biyun, kada ya tura kuɗi saboda bidiyo. Ya je da ƙafarsa ya ga uwar kwikwiyon da halinta, ya karɓi katin rigakafi mai sa hannun likita, kada kuma ya yarda a raba ɗan da uwarsa kafin mako 8. Kafin wannan ma, ya nemi wanda ke riƙe da irin karen ɗan shekara uku, ya ziyarce shi da rana tsaka a watan Afrilu, ya tambaye shi nawa ya kashe a watan da ya wuce.